Me ya sa kamfani zai kashe kuɗi ya shirya fim, sannan ya goge shi da hannunsa?

Autan Baba ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar kasuwancin fim da talabijin, amma bari na fara da abin da ya jawo ta.

Wata huɗu ke nan da aka yi wa mahaifina aiki a ƙugu, tun lokacin yana wurina yana jinya. Mutum ne da bai taɓa ɗaukar fim da muhimmanci ba, rediyo ne abokin hirarsa. Da na ga zaman wuri ɗaya yana neman karya masa zuciya, sai na nemo masa wani shiri mai dogon zango, na tarihin wata masarauta, a ɗaya daga cikin manhajojin kallo da nake biyan kuɗinsu duk wata. Ba ya jin harshen da suke yi, rubutun ƙasan kuma ya yi wa idonsa ƙanana. Saboda haka ni nake zama a gefen gadonsa da rimot a hannu, in tsayar, in fassara masa, in saki. Kashi ɗaya na minti hamsin sai ya ci mana awa ɗaya da rabi, domin da wani waziri da ke cikin labarin ya buɗe baki, sai Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya. Wannan mutumin munafuki ne, ka rubuta ka ajiye." A wata huɗun nan na yi hira da mahaifina fiye da wadda muka yi a shekara goma.

Saura kashi huɗu mu gama zango na uku, wanda shi ne na ƙarshe. Daren Talatar da ta wuce na gyara masa matashi, na kunna, sai na ga hoton shirin ba ya layin da ya saba zama. Na rubuta sunan harafi bayan harafi, babu. Na ɗauka intanet ce, na kashe na kunna, na duba a waya, babu. Washegari na rubuta wa masu kula da abokan hulɗarsu, amsar da na samu layi biyu ce: wai shirin ba ya cikin abubuwan da suke da su a halin yanzu, suna ba ni haƙuri. Alhali a farkon kowane kashi tambarinsu ne ke fitowa, da rubutun cewa su suka shirya shi.

Baba ya tambaye ni, "Ko ba ka biya su ba ne wannan watan?" Na ce na biya. Ya ce, "To wa ya ɗauke?" Na rasa abin ce masa. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ba faɗa na zo yi ba. A watan nan dai suka aiko mini da saƙon ƙarin kuɗi, tare da tayin cewa in ina son mai rahusa in koma tsarin da ake sako talla.

Abin da nake so na gane shi ne: wace riba kamfani ke samu in ya ɓoye abin da ya riga ya kashe wa kuɗi? Ajiye shi a intanet na ci musu wani abu ne? Sannan tallan nan, ba shi muka gudu muka bar talabijin ba? Me ya dawo da shi?

Akanta Mai Ritaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri. Ruwa ba ya tsami banza, ɗana, akwai lissafi a bayan abin da ya same ku.

Shirin da ke ɓacewa iri biyu ne. Akwai na haya, wanda manhajar ta karɓo daga wani kamfani na 'yan shekaru, da wa'adi ya cika sai mai abu ya karɓi abinsa. Haka shirin Friends ya bar Netflix a Amurka a farkon 2020, bayan WarnerMedia ya ware dala miliyan 425 don ya riƙe shi shekara biyar a tasa manhajar. Wani lokaci ma za ka ga tambarin manhaja a kan shiri, alhali haƙƙin haska shi a wasu ƙasashe kawai suka saya. Iri na biyu shi ne wanda ya fi ɗaure kai: nasu ne na kansu, kuma su cire shi. Wannan bai zama ruwan dare ba sai daga 2022.

Kafin shekarar, masu zuba jari da abu ɗaya suke auna waɗannan kamfanoni, wato yawan masu biyan kuɗin wata. Riba ba ta dame su ba. Kuɗin ruwa a Amurka ya yi ƙasa ƙwarai, bashi ya yi araha, Netflix ya ciwo bashin da ya kai wajen dala biliyan 15 yana zuba wa sababbin shirye-shirye, hannun jarinsa kuma sai hawa yake. Tsofaffin kamfanonin Hollywood suka ga ana neman a bar su a baya, kowa ya buɗe tasa manhajar. Disney+ ya fito a Nuwamban 2019 a kan dala 6.99 a wata, farashin da kowa ya san na jawo mutane ne. HBO Max da Peacock suka biyo a 2020, Paramount+ a 2021.

A Afrilun 2022 Netflix ya sanar cewa masu biyansa sun ragu da 200,000 a wata ukun farko na shekarar, karo na farko cikin sama da shekara goma. A yini ɗaya hannun jarinsa ya faɗi da kusan kashi 35 cikin ɗari. A daidai lokacin ne kuma babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa. Kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Masu jari suka daina tambayar mutum nawa ka tara, suka koma tambayar nawa ka ci. Disney ya yi asarar kusan dala biliyan 1.5 a ɓangaren kallo ta intanet cikin wata uku kacal, a Nuwamban shekarar aka sauke shugaban kamfanin, Bob Chapek, aka dawo da wanda ya gada, Bob Iger.

Yanzu ga amsar tambayarka kai tsaye. E, ajiye shiri na cin kuɗi, kuma ba kuɗin na'urar ajiya nake nufi ba, wannan ƙalilan ne. Muddin shiri na kan manhaja, akwai kuɗin da ake ci gaba da biyan marubuta da 'yan wasa da daraktoci bisa yarjejeniyar ƙungiyoyinsu, akwai kuma haƙƙin waƙoƙin da aka sa a ciki. Sannan a littafin lissafi, fim kadara ce kamar gini ko mota. In ka kashe masa miliyan ɗari, ba a rubuta ta a matsayin kashewa rana ɗaya, ana rarraba ta ne a kan shekarun da ake sa ran zai yi amfani. To in kamfani ya duba ya ga masu kallon shirin sun yi kaɗan, sai ya cire shi, ya ce ragowar darajarsa ta zama asara, ya rubuta ta gaba ɗaya, wannan asarar kuma ta rage masa harajin da zai biya.

Mutane na yawan cewa wai riba ake ci da wannan dabara. Ni da na yi shekaru ina wannan aiki ina gaya maka ba riba ba ce, rage zafin faɗuwa ne. Ɗauki fim ɗin Batgirl, wanda Warner Bros. Discovery ya jingine a Agustan 2022 bayan an gama ɗaukarsa, an kashe masa wajen dala miliyan 90. Harajin kamfanoni na gwamnatin tarayya a Amurka kashi 21 ne cikin ɗari. Ka ga abin da zai dawo bai fi miliyan 19 ba, sauran sun tafi. Abin da suka tsira da shi shi ne kuɗin ƙarasa aikin da na tallata shi. Kamfanin a lokacin yana ɗauke da bashin wajen dala biliyan 50 daga haɗewar WarnerMedia da Discovery da ta haifar da shi a Afrilun shekarar, kuma wanda bashi ya shaƙe wa wuya kuɗin yau yake nema. Disney ma a Mayun 2023 ya kwashe gomman shirye-shirye daga Disney+ da Hulu, ya rubuta asarar dala biliyan 1.5.

Kada ka fid da rai tukuna. Ba duk wanda aka cire ake binnewa ba. Westworld da aka cire daga HBO Max a ƙarshen 2022, ba a daɗe ba aka ba Roku da Tubi hayarsa, inda ake kallo kyauta da talla. Sau da yawa ana cire shiri ne don a sayar wa wani. Ka riƙa neman sunan naku lokaci-lokaci.

Ɗan Ƙwallo ya rubuta:

Baba Akanta ya gama magana a kan goge shirye-shirye. Ni a kan talla zan ce wani abu, kuma a yi mini afuwa, ban ga laifin kamfanonin sosai ba. Shekara da shekaru mun sha kallo a farashin da bai kai kuɗin aikin ba, masu jari ne suke cike giɓin. Netflix da kansa ya ce gidaje sama da miliyan 100 ke kallo da kalmar sirrin wasu. Da ya toshe wannan ƙofa a 2023 kowa ya rantse zai fita, amma zuwa ƙarshen 2024 masu biyansa sun haura miliyan 300. Reed Hastings, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Netflix, ya daɗe yana cewa ba za su sa talla ba, a Nuwamban 2022 suka sa. Bayan 'yan watanni suka gaya wa masu jari cewa a Amurka, in aka haɗa kuɗin wata da kuɗin talla, mai ƙaramin tsarin ya fi mai matsakaicin tsari kawo musu kuɗi. To wa zai ga wannan ya ƙi? Amazon ma ya bi sahu a Janairun 2024, shi kam kowa ya sa wa talla, in ba ka so ka ƙara kuɗi.

Babban ciwon kansu irina ne. In biya wata ɗaya, in cinye abin da nake so, in fita, sai wani abu ya fito in dawo. Shi ya sa suka koma sayen wasanni, don wasa kai tsaye ba ya jiran ka tara shi. Netflix ya ba WWE sama da dala biliyan 5 don kokawar Raw ta shekara goma daga Janairun 2025. Talla, wasa kai tsaye, shiri mako-mako: ba cinya ba, ƙafar baya, talabijin ce ta dawo ta wayar intanet. Kuma wanda suke tsoro yanzu YouTube ne. A ƙididdigar da Nielsen, kamfanin auna masu kallo, ya yi ta Mayun 2025, kallo ta intanet ya kai kashi 44.8 na lokacin da Amurkawa ke yi a gaban talabijin, ya zarce tashoshin gargajiya da na kebul a haɗe, kuma YouTube shi kaɗai ya kwashi kashi 12.5.

Maman Biyu ta rubuta:

Sannu ƙanina, Allah ya tashi kafaɗun Baba. Labarinka ya taɓa ni, domin aikin da kake yi a gefen gado shi nake yi a gaban kwamfuta. Ina fassara rubutun da ke fita a ƙasan fim, ta hannun wani kamfani da ke karɓo aikin daga manyan manhajoji yana rarraba mana.

Malam Ɗan Ƙwallo, ka ce masu jari ne suka cike giɓin. Ba su kaɗai ba. Ma'aikata ma sun cike, da guminsu. A tsohon tsarin talabijin na Amurka, zango ɗaya kan kai kashi 22, marubuci na da aikin kusan shekara, kuma duk lokacin da aka maimaita shirin ko aka sayar wa wata tasha, ana aiko masa da kasonsa. Wannan kuɗin maimaicin ne ke riƙe mutum tsakanin aiki da aiki. Da manhajoji suka zo, zango ya koma kashi takwas ko goma, kason ya zama ƙayyadadde, ko mutum dubu suka kalla ko miliyan hamsin duk ɗaya ne, kuma ba a nuna wa kowa alƙaluman masu kallo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In kuma aka goge shirin, har ɗan abin da ke shigowa ya tsaya, kuma matashin darakta ba shi da abin da zai nuna wa mai ɗaukar aiki na gaba.

Abin da ya kai ga yajin aikin 2023 ke nan. Marubuta sun yi kwana 148, daga Mayu zuwa Satumba, 'yan wasa suka yi 118, daga Yuli zuwa Nuwamba. Rabon da ƙungiyoyin biyu su ajiye aiki tare tun 1960, lokacin Ronald Reagan ne shugaban ƙungiyar 'yan wasa, kuma a wancan karon ma kason maimaici na cikin abin da aka yi rigima a kai. Sun samo wasu abubuwa: ƙarin lada in shiri ya samu kashi 20 cikin ɗari na masu biyan manhajar a Amurka a kwana 90 na farko, mafi ƙarancin adadin marubutan da za a ɗauka, da sharaɗin cewa ba za a kwaikwayi fuska ko muryar ɗan wasa da ƙirƙirarriyar basira ba sai da yardarsa da biyansa. A Disamban shekarar Netflix ya fara fitar da rahoton awannin da aka kalli kowane shiri.

Mu da ke can ƙasan layi ba mu da ƙungiya irin tasu. A 2021 ina ƙin karɓar aiki saboda ya yi mini yawa, har raba dare nake yi. Daga 2023 sai in yi mako uku akwatin saƙona shiru. In aikin ya zo ma, na'ura ta riga ta fassara, ni gyara kawai ake so in yi a kan rabin lada, kuma gyaran shirmen na'ura ya fi fassara daga farko cin rai. Akwai wani kashi da na yi kwana biyu a kan layi ɗaya, wata tsohuwa tana yi wa jikarta ban kwana da karin magana, ina neman yadda zai shiga layi biyu ya fita cikin daƙiƙa huɗu ba tare da ya mutu ba. Shirin yanzu ba ya ko'ina. Adadin shirye-shiryen ma ya ragu: ƙidayar da tashar FX ke yi ta nuna kusan 600 a Amurka a 2022, ta sauko 516 a 2023.

Ku kam kun yi sa'a naku ya kai ƙarshen labarinsa. Da yawa a zango na biyu ake yanke su, domin kuɗin 'yan wasa na hawa duk zango, kuma sabon shiri ya fi tsoho jawo sabon mai biya.

Autan Baba ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba Akanta, Yaya Maman Biyu, da Malam Ɗan Ƙwallo. Jiya da daddare na zauna na karanta wa Baba amsoshinku, ina yi ina taƙaitawa. Da na zo kan maganar rubuta asara, ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Ashe haya muke, ba mu sani ba." Maganar Yaya kuwa sai da ya sa na maimaita masa wurin tsohuwar nan da jikarta.

Malam Ɗan Ƙwallo, na yarda ba za su yi ta asara don ni ba. Amma ko sanarwar mako biyu ai sa yi. Da na sani, da mun riƙa kallon kashi biyu a dare mun gama. Wannan bai ci musu ko sisi ba.

Na nemi faifan DVD na shirin, da alama ba a taɓa buga shi ba. Na ga wasu shagunan intanet na sayar da shirye-shirye kashi-kashi. In na same shi a can na saya, ya zama nawa ke nan, ko shi ma ana iya wayar gari a ɗauke?

Akanta Mai Ritaya ya rubuta:

Maganar sanarwa gaskiyarka ce, ɗana, kuma wasu manhajojin na sa ranar da shiri zai fita a jikin hotonsa, ka riƙa dubawa. Game da saye, a mafi yawan shagunan nan izinin kallo kake saya, fim ɗin ba ya zama mallakinka, in yarjejeniyarsu da mai shirin ta ƙare yana iya ɓacewa. Abin ya yi yawan da jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024 da ke tilasta wa masu sayarwa su bayyana wa mai saye cewa izini ne yake karɓa. Duk da haka ya fi kuɗin wata tabbas nesa ba kusa ba, kuma ku kashi huɗu kawai kuke nema. In ka samu ka saya, ka sauke su a na'ura a ranar, ku kalle su a makon.

Maman Biyu ta rubuta:

Ƙarin abu ɗaya, ƙanina. Ka nemi shirin da sunansa na asali, na harshen da aka yi shi, domin manhajoji kan canza suna, kuma in an sayar wa wata tasha da sunan asalin za ta sa shi. Ka tsaya a kan rubutun ƙarshen wani kashi in kana da hotonsa, ko ka bincika sunan kamfanin da ya ɗauki shirin, ka rubuta musu kai tsaye. Ƙananan kamfanonin nan suna amsa saƙo, kuma su suka fi kowa sanin inda aikinsu ya koma. Ko da ka same shi babu fassara a harshen da kake ji, turo mini saƙo, kashi huɗu ba zai gagare mu ba. Ka gaishe da Baba, ka ce masa muna jiran jin yadda ta ƙare da wazirin.